Gatarina na dutse ya kusa shiga ƙota, ga kuma batun sunan Niyolitik

'Yan'uwa masu koyon sarrafa dutse, ga inda aikina ya kai. Ruwan gatarin da nake yi da baƙin dutsen aman wuta ya wuce matakin ƙwanƙwasa, wato bugun fuskarsa a hankali da wani dutse mai tauri har tudun da fasawa ta bari su kwanta. Yanzu wasawa nake yi a kan faffaɗan dutsen yashi, ina zuba ruwa da ɗan yashi, ina turawa gaba da baya da nauyin kafaɗa. Ruwan da nake zubawa yakan koma laka mai launin toka. Kada ku yi saurin wanke ta, domin ita ma tana cin dutsen. Kuma don Allah kada kowa ya wasa a bushe, ƙurar dutse tana yi wa huhu illa sosai. Ina juya fuskokin biyu daidai wa daida don bakin ya tsaya a tsakiya, har wani kwari mai santsi ya fara fitowa a jikin mawashin, irin wanda ake gani a manyan duwatsun washi na zamanin da a Faransa.

Da yawanmu idan mun gama irin wannan gatari, wanda muka sani da gatarin aradu, sai mu manna masa takarda mu rubuta Niyolitik, wato sabon zamanin dutse. Ina ganin ya kamata mu yi hattara da wannan suna.

A 1836 Christian Thomsen na Danmak ya wallafa tsarin da ya kasa zamanin da gida uku: na dutse, na tagulla, na ƙarfe. A 1865 John Lubbock na Ingila ya raba na dutsen biyu, Faliyolitik da Niyolitik, wato tsohon zamanin dutse da sabonsa a harshen Girka. Babban ma'auninsa shi ne wannan aikin da ke sa mana ciwon kafaɗa: kayan da aka fasa kawai na tsohon zamani ne, waɗanda aka wasa suka yi sumul na sabo ne. Duk wanda ya gwada ya san bambancin ba na ado ba ne. Bakin da aka fasa yana da tabo-tabo inda tsaga ke somawa, wanda aka wasa kuwa yana jure saran itace, idan ya dakushe a mayar da shi kan mawashi. Mai share daji don gona irin wannan yake buƙata.

Daga nan ma'anar ta gusa. A shekarun 1930 Gordon Childe, masanin kayan tarihi, ya mayar da hankalin masana kan noma da kiwo da zama wuri ɗaya, kuma yau idan masani ya ce Niyolitik, galibi wannan rayuwar yake nufi. Alamomin zamanin da aka ɗauka tare suke tafiya, kamar noma da ginin tukwane da wasa dutse, sai ga shi kowacce da ranar zuwanta. A Yariko, tsohon garin da ke Falasɗinu, haƙar da masaniyar kayan tarihi Kathleen Kenyon ta yi a shekarun 1950 ta nuna mutane masu gidaje da ganuwa da hasumiyar dutse tun ba su fara ginin tukwane ba. A Jafan mutanen Jomon sun daɗe suna gina tukwane alhali farauta da kamun kifi da tsintar 'ya'yan itace ne abincinsu. A Ostareliya kuwa an samu gatura masu wasasshen baki da suka haura shekara 40,000, tun noma bai zo duniya ba. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni, domin ya nuna sana'ar da muke koyo ta girmi sunan da muke laƙaba mata nesa ba kusa ba.

Sunan kuma ba ya nuna shekara guda ga duniya duka. A Gabas ta Tsakiya zamanin ya soma wajen shekara 9,500 kafin Miladiyya, a Birtaniya sai wajen 4,000. Shi ya sa ni a takardata nake rubuta irin dutsen, da yadda na sarrafa shi, da yankin da na kwaikwayi gatarinsa. Idan na sa Niyolitik, sai na haɗa da sunan ƙasar.

Abin da ya rage mini shi ne ƙota. Zan huda ramin ta yadda ruwan gatarin zai matse a sama da ƙasa, gefe biyun kuwa a bar ɗan sarari, in ba haka ba saran farko zai tsaga itacen. Waɗanda suka riga ni kaiwa nan, ku faɗa mini ko ƙona ramin da garwashi ya fi sassaƙa shi da ƙaramin kurfin dutse.