Kafin ka sayi gonar hutu a karkarar Damagaram

Ma'aikata da ƴan kasuwa da dama a Damagaram suna da burin samun ɗan fili a ƙauye: ɗaki biyu da rumfa, ƴan itatuwan mangwaro da lemu, inda za a kai iyali ran Asabar a huta da hayaniyar Birni da Zango. Buri ne mai kyau. Sai dai kuɗin da ake miƙa wa mai gona shi ne abu mafi sauƙi a lissafin, kuma gaggawar miƙa shi ce ke jawo yawancin asarar.

A fara da ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. A kewayen gari ana iya haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a ci karo da dutse, kuɗi su tafi ba a ga ɗigon ruwa ba. Kudu kuwa, a kwarin Korama, wajen Dogo da Matamai da Magarya, ruwa yana kusa, haka ma fadamun Gidimuni. Amma can matsalar kanwa ce: idan ka ga ƙasa ta yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa gari, mangwaro zai wahala, siminti ma zai riƙa ɓarɓashewa daga gindin bango. Je rijiyar maƙwabta ka ɗanɗana ruwan da bakinka. Tambayi mata masu ɗiba: gaba nawa ce igiyar, kuma tana ƙafewa a watan Mayu? Ka ga filin sau biyu, da bazara da kuma cikin Agusta, domin wurin da ya yi shimfiɗe da rani yana iya zama tafki da damina, hanyar mota ta yanke.

Daga nan sai babbar tambaya: gonar ta wane ne? Wanda ke noma ta ba lallai shi ne mai ita ba. Wata aro ce tun zamanin kakanni. Wata jingina ce, mai ita na da ikon mayar da kuɗi ya karɓi abinsa ko bayan shekara ashirin. Mafi haɗari ita ce gonar gado da ba a raba ba: babban wa ya sayar, kai ka yi gini, sai ƙanensa ya dawo daga Kano ko Libiya, ko ƴar'uwarsu da ke aure a wani gari ta zo neman rabonta, kuma tana da gaskiya. Kada ka yarda da "na yi magana da su". Kowane magaji ya zo da kansa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mata da maza, wanda ba ya nan ya aiko da wakilci a rubuce. Kuma idan yunwa ce ta sa mutum sayarwa, rumbu ya ƙare ana tsakiyar damina, kada ka matse shi a farashi. Ban da rashin kyautawa, irin wannan cinikin ne ƴaƴa ke tayarwa daga baya.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi hukumomin filaye, waɗanda ake kira Kofo. Ta ƙauye mai gari ne shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Ta komin, wato ƙaramar hukuma, shugaban komin ne ke jagorantarta. Ta dapartama, wato yankin da ya haɗa komin da dama, parfe ne shugabanta. Takardar sayarwa ta Kofon ƙauye za ka nema, ba ƴar guntuwar takardar da dillali ya rubuta a gindin bishiya ba. A zaga iyaka da ƙafa tare da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, a rubuta sunayensu. Inda gamba ko tsohuwar aduwa ce shaida, a kafa turakun siminti a ranar, a ɗauki ma'auni da na'urar GPS. Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100. Gonar da aka ce maka hekta biyu ce da ido takan ragu sosai idan an auna. Sannan ka bi takardar har komin a shigar da ita rajista, a yi shela, duk mai ƙorafi ya fito tun kuɗinka na aljihunka.

Akwai filin da ko mai gari ba shi da ikon sayarwa: burtali, filin kiwo, da hanyar zuwa mashaya. Dokar kiwo ta 2010 ta sa su cikin dukiyar ƙasa. Idan fili ya yi araha fiye da kima kuma babu karan bara a cikinsa, duba ko akwai turakun burtali a kusa, ka tambayi Fulani da Buzayen yankin. Gawon da ke ciki ma ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma ba ka da dalilin sare shi: inuwa ce da rani, taki ne ga ƙasa.

Batun kuɗi. Banki ba ya karɓar takardar ƙauye a matsayin jingina, titir fonsiye yake so, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, wanda samunsa ke buƙatar ma'aunin jometir, wato ƙwararren mai awon fili, da watanni na zirga-zirga. Don haka ma'aikaci yakan ci bashi ne a kan albashinsa, a riƙa cira duk wata. Gidan hutu kuwa ba ya kawo ko dala, sai dai ya ci. Shawarata, a sayi filin da ajiya ko kwasar adashe, kuma a biya kashi uku: kafin alƙalami kaɗan ranar da magada suka amince, kaso mafi girma ranar sa hannu a gaban Kofo, ragowar bayan rajista. Kowane biya da shaidu da rasit, a rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, saboda jaka ɗari a baki da 100.000 a takarda sun sha rikita mutane.

Kafin tubali ko ɗaya, shinge. Da zarar hukuma ta sanar da sakin gonaki bayan girbi, dabbobi na da ikon shiga duk inda ba a killace ba, akuya kuma dare ɗaya ya ishe ta ta gama da dashen shekara. Hekta mai kusurwa huɗu daidai na cin mita 400 na waya mai raga, wato nadi 16 na mita 25, da turakun ƙarfe 160 idan an bar mita biyu da rabi tsakani. Na itace gara ke cinye su. Bayan shinge sai rijiya da farantan hasken rana da tanki, sai ɗakin mai gadi. Ɗauki mutumin ƙauyen mai iyali, ka bar masa wani ɓangare ya shuka hatsi da wake, amma shi ma a rubuta a gaban mai gari cewa aro ne, da adadin shekarun.