Abin da idon mai juna biyu ke nunawa game da hawan jini

Idan mai juna biyu ta ce tana gani dishi-dishi, ko haske na yi mata walƙiya a ido, ko wani ɓangare na abin da take kallo ya dushe, abin da ya kamata a fara nema shi ne ma'aunin hawan jini, ba tabarau ko maganin ɗigawa ba. Hawan jinin da ke bayyana bayan mako na 20 na ciki, wanda ya kai 140/90 ko ya wuce, musamman idan an samu sinadarin furotin a fitsari, shi ne kan share fagen jijjiga, kuma ido na cikin gaɓoɓin da yake taɓawa.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira retina, kuma a nan ana iya kallon ƙananan hanyoyin jini kai tsaye ba tare da an tsaga fata ba. Likita kan haska shi da ƙaramar na'ura mai fitila, wadda Hermann von Helmholtz ya ƙirƙiro asalinta a wajajen 1851. Canjin da aka fi gani shi ne tsukewar hanyoyin jinin, da farko a wurare jefi-jefi, daga baya ko'ina. Idan jinin ya ci gaba da hawa sai a ga ɗigon jini, da fararen tabo inda jini ya kasa isa, da kumburi a bakin jijiyar gani. Muhimmancin wannan, a ganina, ya wuce batun ido, domin abin da aka hango a nan manuniya ce ga halin da hanyoyin jinin ƙoda da ƙwaƙwalwa da mabiyiya suke ciki.

Abin da ya fi tayar da hankalin dangi shi ne ɗagowar tantanin. Idan jini ya gaza a shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, ruwa kan taru ya ɗaga shi, kamar yadda laima ke ɗaga yaɓe daga jikin bango, kuma sau da yawa idanu biyun ne ke kamuwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, an fi ganinsa ga waɗanda suka kai ga jijjiga. Galibi ruwan na janyewa da kansa cikin 'yan makonni bayan haihuwa idan hawan jinin ya sauka, ba tare da tiyata ba, ko da yake wasu kan rage da ɗan tabo. Akwai kuma makantar wucin gadi wadda tushenta kumburin bayan ƙwaƙwalwa ne, ido kuwa lafiyarsa ƙalau. Ita ma takan waye cikin sa'o'i ko kwanaki.

Saboda haka maganin yana ɗakin haihuwa: a saukar da jini da irin su methyldopa, nifedipine ko labetalol, a yi allurar magnesium sulfate don kare jijjiga, sannan likita ya tsayar da lokacin haihuwa. Mai ciwon sukari tana buƙatar duba ido tun farkon ciki, domin ciki kan tsananta lahanin da sukari ya riga ya yi.

Haihuwa ba ta kawar da hatsarin nan take, don yana iya tasowa har makonni 6 bayanta, wato daidai kwanakin wankan jego da kunun kanwa, kuma kanwa na ɗauke da sinadarin sodiyam mai tayar da jini. Maijegon da ta yi kukan ciwon kai mai tsanani tare da dishi-dishi, a kai ta asibiti a ranar.