Laraba, 18 ga Yuni, 2025

Edmonton yau kamar an yi ruwa an ɗauke. Jiya da daddare Florida Panthers ta lallasa Oilers, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu, da ci 5 da 1 a wasa na shida na zagayen ƙarshe, ta riƙe Kofin Stanley, kofin zakarun gasar NHL ta Amurka da Kanada, shekara biyu a jere, kuma duk biyun a kanmu ta ɗauka. A bas da safe akwai wani dattijo sanye da rigar tauraronmu McDavid mai lamba 97, ya jingina kai da gilashi, ko wayarsa bai duba ba har ya sauka.

A wurin aiki ba wanda ya tayar da zancen hoki sai lokacin cin abincin rana. Abokin aikina, wanda a Shikago ya girma, ya ce mu kam mun gama yayinmu, nan da shekara uku Blackhawks, ƙungiyar garinsu, za ta dawo. Hujjarsa ita ce sun ɗauki Connor Bedard a 2023, kuma a baya ma sun ɗauki Patrick Kane a 2007 suka ci kofi a 2010. Na ce masa lissafin nan da gyara. Kafin Kane ya zo, Duncan Keith yana hannunsu tun 2002, Brent Seabrook tun 2003, Jonathan Toews kuma 2006. 'Yan bayan da suka riƙe ƙungiyar, Keith da Seabrook, sun riga sun nuna. In za a ƙirga da gaskiya, shekara takwas aka yi, ba uku ba.

Mu nan ai mun sha wannan ruwan. Tsarin NHL yana fifita ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan tebur wajen zaɓen matasan 'yan wasa da ake yi kowace shekara, Oilers kuwa ta samu zaɓin farko a 2010, 2011, 2012 da 2015: Taylor Hall, Ryan Nugent-Hopkins, Nail Yakupov, sannan McDavid. Duk masu kai hari ne. Kaka goma a jere ba a shiga zagayen neman kofi ba, sai a 2017. Da suka ga baya a buɗe take, suka ba da Hall a 2016 suka karɓo Adam Larsson, Hall ya je New Jersey ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2018. Yakupov ya koma Rasha. McDavid kansa sai da ya shekara tara kafin ya taka wasan ƙarshe.

Ni a ganina tauraro mai cin ƙwallo shi ne abu mafi sauƙin samu ga ƙungiyar da ta faɗi, tunda faɗuwar ce ke kawo shi. Abin da ke cin lokaci shi ne 'yan baya da gola, waɗanda ba sa nuna da wuri, da shugabannin da ba za su riƙa korar koci duk bayan shekara biyu ba. Ga kuma iyakar albashi da aka kafa tun 2005: kwantiragin farko na yaro shekara uku ne, mai araha, daga nan sai ya nemi manyan kuɗi, wurin sayen wasu ya ƙuntata. Colorado ta ɗauki MacKinnon a 2013, kofi sai 2022. Tampa ta ɗauki Stamkos a 2008, kofi sai 2020. Pittsburgh ce ta yi sauri, Crosby 2005, kofi 2009, amma ita ma golanta Fleury tun 2003 yake.

Abokin aikina ya ce to Vegas fa, da ta kai wasan ƙarshe a kakarta ta farko? Na ce waccan ba gini ta yi daga tushe ba, ƙwararru ta tsinto daga sauran ƙungiyoyi. Nan aka kaɗa ƙararrawa muka koma bakin aiki, kowa na kan bakansa.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar gida shi ne zaɓen 2014. Mutum huɗun farko, Ekblad, Reinhart, Draisaitl da Bennett, duk suna kan ƙanƙara jiya, uku a rigar Florida. Reinhart da ya zura huɗu, Buffalo ce ta raine shi, ita kuwa rabonta da zagayen neman kofi tun 2011. Wani ya yi noma, wani ya kwashe.

Bayan Magariba ɗana ya same ni a kicin, har yanzu fuskarsa a murtuke. Ya ce, “Baba, McDavid zai tafi ne?” Na ce saura masa shekara ɗaya a kwantiragi, kuma daga 1 ga Yuli zai iya sabuntawa. Ya ce shi dai a sayo gola, don ya gaji da yau Skinner gobe Pickard. Mamansa ta ce ya fara gama aikin makarantarsa tukuna.