Aikinmu da kwamfutocin ofis bayan an janye wa Windows 10 tallafi

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Washegari kwamfutoci suka tashi lafiya lau, kuma wannan ne ke ba mu wahala, mu masu ƙananan kamfanonin da ke kula da na'urorin makarantu, asibitocin kuɗi da ofisoshin akanta. Mai ofis zai ce, "Ga ta nan tana aiki, kuɗin me zan kashe?" Abin da ba ya gani shi ne duk ƙofar da masu kutse suka gano daga ranar, a buɗe za ta zauna. A watan Mayu 2017 WannaCry, wani ƙwaron kwamfuta mai kulle fayiloli ya nemi fansa, ya kulle kwamfutocin asibitocin Birtaniya har aka soke ganin marasa lafiya, alhali gyaran ya fito tun watan Maris, ba a dai saka ba ne. Yanzu kuwa gyaran kyautar ma ba zai zo ba.

Ba ma fara da saye, da ƙirga muke farawa. Kowace kwamfuta sai an zauna a gabanta: a buga winver a ga wace Windows ke kai, a buga msinfo32 a ga furosesa da yawan RAM, a buga tpm.msc a ga ko akwai TPM, wato sashen tsaro da ke adana makullan sirri na na'urar. A rubuta mai amfani da ita da manhajojin da aikinsa ya dogara a kansu. Windows 11, wadda muke so a koma kanta, tana neman TPM 2.0, da UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) mai Secure Boot (tsaron lokacin tashi), da RAM gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan gigabait 4 na takarda ne kawai. In babu gigabait 8 da SSD, wato faifan ajiya mai sauri, ma'aikaci zai wuni yana jiran na'ura.

Da yawa daga waɗanda PC Health Check, manhajar Microsoft ta gwajin cancantar Windows 11, ke cewa ba su cancanta ba, lafiyarsu ƙalau. TPM ɗin ne a kashe cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, inda Intel ke kiran sa PTT, AMD kuma fTPM. Wasu kuma an saka musu Windows da tsohon tsarin rabon faifai na MBR, shi ya sa Secure Boot ke ƙin kunnuwa. Sai a juya faifan zuwa sabon tsarin, GPT, da umarnin mbr2gpt, sannan a mayar da BIOS kan UEFI. In aka sauya BIOS kafin a juya faifan, kwamfutar ba za ta tashi ba sam.

Inda kuɗin mutane ke salwanta shi ne wajen sayen tokumbo. Ofisoshin ƙasashen waje suna sauke tsofaffin na'urorinsu, suna kwararowa kasuwanni irin su Computer Village a Ikeja, ga kyau ga araha. A duba lambar furosesa kafin a biya. i5-6300U ƙarni na 6 ne, i5-7300U na 7, i5-8250U na 8. HP EliteBook 840 G3 da G4 ba sa cikin waɗanda suka cancanta, G5 mai furosesar ƙarni na 8 tana ciki. Haka Dell OptiPlex 7050 ba ta ciki, 7060 tana ciki. Mai shago zai iya nuna maka G3 da Windows 11 a kai, domin akwai dabarar tsallake sharuɗɗan da Rufus, manhajar da ake saka Windows kan filashi da ita. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin waɗannan samun sabuntawa ba, don haka ba ma yi wa ofishin da ke riƙe da albashi ko bayanan marasa lafiya.

Kwamfutocin da suka gaza cika sharuɗɗan mukan raba su. Wadda aikinta burauza da rubutu ne kawai, Linux Mint ko ChromeOS Flex, da ake sakawa a madadin Windows, sun ishe ta. Wadda ke ɗaure da na'urar gwaji ko tsohuwar manhajar lissafi da ba ta da sabon zubi, ko dai a zare ta daga intanet a kuma hana soka mata filashi, ko a saya mata ESU, wato ƙarin wa'adin gyaran tsaro. Ga kamfanoni, dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, kuma wanda ya shiga a makare sai ya biya na shekarun baya. Dole kuma ta kasance kan 22H2, zubin ƙarshe na Windows 10. A lissafa wannan da naira, sau da yawa sabuwar na'ura ta fi sauƙi in an haɗa kuɗin shekaru ukun. Kar a manta Office 2016 da 2019 su ma ranar nan tallafinsu ya ƙare.

Ranar saka Windows 11, a kwafi bayanai zuwa wani faifai, a buɗe wasu fayiloli a tabbatar kwafin na buɗuwa. A sauke Windows 11 sau ɗaya a kan filashi mai gigabait 8, kar kowace na'ura ta ci datar ofis ita kaɗai. Sai an jona inbata ko UPS kafin a taɓa komai, domin ɗauke wuta a tsakiyar sabunta BIOS na iya kashe madabod. Mukan fara da na'ura biyu ko uku, a gwada firinta, sikana da manhajar albashi na mako guda, tunda tsofaffin firintoci ne suka fi ƙin direba, wato manhajar da ke haɗa su da Windows. Kwana 10 ne damar komawa Windows 10, daga nan fayilolin komawar sun goge. A kuma adana makullin BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifai, a wajen na'urar, saboda Windows 11 zubin 24H2 kan kulle faifai da kanta, in madabod ya lalace babu makullin, bayanan sun tafi.

Waɗanda aka sauke, ba a sayar da su ko a ba ma'aikata sai an goge faifan gogewar da ba ta dawowa, ko a cire shi a fasa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan mutane a kan ofishin da ya tara su, ko da kwamfutar ta koma hannun wani.