Yadda Na Daina Kokawa Da Iska A Kan Keke

A gasar triathlon (ninƙaya, tseren keke da gudu a jere) ta farko da na shiga, mai nisan Olamfik, ninƙayar kilomita 1.5 ba ta wahalar da ni ba. Keken kilomita 40 ne ya cinye ni. Na sa giya mafi nauyi, ina danna feda kamar mai daka a turmi, don a zatona ƙarfin cinya shi ne komai. Da na sauka zan fara gudun kilomita 10, sai ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo.

Wani dattijo da muke atisaye tare bayan sallar asuba shi ya gano matsalar. Ya bi bayana na ɗan lokaci, sannan ya nuna min ƙirjina a buɗe kamar ƙofar zaure, kaina a sama, gwiwoyin hannuna a baje. Idan keke ya kai gudun kilomita 30 a awa a shimfiɗaɗɗen titi, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen tsaga iska yake tafiya, kuma jikinsa ne ke tare iskar fiye da keken. A yawancin gasannin masu sha'awa an hana lafewa a bayan wani mahayi domin ya tare maka iska, kai kaɗai ne da iskarka.

Na ɗaura wa kan keken wasu sanduna biyu da ake kwantar da hannu a kai domin jiki ya rage tare iska. Ba sabon abu ba ne. Da irin waɗannan sanduna ɗan tseren keke Greg LeMond ya hau a ranar ƙarshe ta Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, a 1989, Laurent Fignon na gabansa da daƙiƙa 50, ya ƙare ya lashe gasar da tazarar daƙiƙa 8. Amma sandar ba ta aiki sai jiki ya saba. Makonnin farko wuyana da ƙuguna sun yi tsami sosai. Minti goma nake kwanciya in tashi, a hankali na ƙara, na matso da sirdi gaba kaɗan domin numfashi ya samu hanya. Wannan haƙurin ya fi min sayen sabbin tayoyi amfani, nesa ba kusa ba.

Giyar ma na sassauta ta, ƙafa na juyawa kusan sau 90 a minti. Sau ɗaya a mako ina yin minti goma da ƙarfi har sau uku, da hutun minti biyar a tsakani. Ranar Asabar ina sauka daga keke in sa takalmi nan take in ruga na minti 15. Dabino da ruwa mai ɗan gishiri ba sa rabuwa da ni.

A gasa ta gaba na danne zuciyata a kilomita goman farko, mutane na wuce ni ina kallo. Na kwanta a kan sanduna, iska na bi ta saman bayana. Da na sauka, ƙafafuna suka amsa tun takun farko, kuma da yawa daga waɗanda suka wuce ni a filin gudu na tarar da su.