Shekarar da Aka Ce Mu Daina Ba da Kulorakwin

Ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye lokacin da Nijeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005. Kulorakwin da muka tashi muna sha muna susa, aka ce ya daina ci, ƙwayar cutar ta saba da shi. Aka kawo ACT a madadinsa, haɗin artemether da lumefantrine, wanda mutane suka fi sani da Coartem. Fansidar kuma aka bar wa masu juna biyu don rigakafi.

Mu dai mun gani da idonmu tun kafin takarda ta iso. Yaro ya sha kulorakwin kwana uku, jiki ya yi sanyi, bayan mako biyu a dawo da shi a goye, ƙasan ido fari fat, tafin hannu ba jini. Sai mu ce sabon sauro ne ya cije shi, ashe tsohon ciwon ne bai mutu ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Na ɗauka da an sa hannu a Abuja magana ta ƙare. Ina! Sabon maganin ya fi tsada nesa ba kusa ba, kemis-kemis suka ci gaba da sayar da kulorakwin shekaru, mutane kuma sun yarda da shi.

Wata uwa ta taɓa ce mini, "Malam, ka yi masa allura mana, ita ce ke saukar da zafin nan." Na ce, "Inna, zauna tukuna." Na ɓare kwalin a gabanta: ƙwaya shida, ɗaya yanzu, ɗaya bayan awa takwas, sauran safe da dare kwana biyu, a haɗa da nono ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓa. Na roƙe ta kada ta ɓoye ragowar wa ƙaninsa in ta ga ya tashi yana wasa, domin rabin magani shi ke koya wa ƙwayar cutar taurin kai. Wannan zaman na minti biyar shi ne ainihin aikin, kuma babu wanda ya koya mana shi a bita.

Yanzu an fara ganin ƙwayar cutar tana jan ƙafa wajen mutuwa a gaban artemisinin, tushen artemether ɗin da ke cikin Coartem, a Ruwanda da Yuganda. Shi ya sa ba na miƙa kwalin sai an yi gwajin jini, ko da layi ya kai bakin ƙofa.