Sabar da ke ƙarƙashin teburina a Tawa

Girka ta bai ɗauke ni fiye da tsakanin azahar da magariba ba. Tsohuwar kwamfutar biro ce mai ƙwaƙwalwa giga 16. Na sa mata Ubuntu Server 22.04, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, na ɗora PostgreSQL a matsayin rumbun bayanai, sannan manhajar Metabase don fitar da jadawali da zane-zane. Wakilan ƙungiyarmu ta ƴan albasa da ke Galmi da Madawa suna cika takarda a wayoyinsu ta KoboToolbox: buhu nawa ya shigo, nawa aka loda wa mota, jika nawa aka sayar da kowane buhu. Cikin dare bayanan su sauko rumbu, da safe shugabanni su duba.

Sati shida komai lafiya lau. Sai watan Afrilu ya kama, ga kakar albasa, ga zafin da ke haura digiri 40, rannan da rana tsaka aka ɗauke kuran. Da ya dawo sabar ta tashi, amma Metabase ta ƙi buɗewa. Lissafin buhuna bai taɓu ba, domin PostgreSQL tana fara rubuta kowane canji a littafinta na ko-ta-kwana kafin ta taɓa ainihin tebur, shi ya sa ta farfaɗo da kanta. Abin da ya lalace wani ƙaramin fayil ne na H2, inda Metabase ke adana tambayoyin da ka gina, da allunan zane, da sunayen masu shiga. Masu manhajar sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa H2 na gwaji ne, kada a dogara da shi a aikin gaske. Na karanta, na ce sai na samu sarari. Kwana huɗu na yi ina sake gina allunan da hannu, ana tsakiyar ciniki, mutane na kira suna tambayar farashi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na buɗe wa Metabase rumbunta daban cikin PostgreSQL. Na sayo ondilar, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke kuran, na haɗa ta da sabar ta wayar USB, na sa NUT, manhajar da ke lura da batirin, yadda in batir ya kusa ƙarewa kwamfutar za ta kashe kanta cikin natsuwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba wutar ba ce. Wata safiya ma'ajinmu, dattijo ne da ya shekara talatin a harkar, ya shigo riƙe da littafinsa mai baƙin bango, ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfuta ya ce, "Ɗana, wannan motar ta Abijan ranar Talata ta tashi. Me ya kai ta Litinin?" Na ce, "Alhaji, bari in duba." Gaskiyarsa ce. Agogon sabar yana kan UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, mu kuwa a Nijar muna gaba da awa ɗaya. Duk motar da aka gama lodi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya sai ta faɗa lissafin jiya, kuma lodin albasa da dare aka fi yin sa saboda rana. Gyaran bai kai minti biyar ba, na mai da lokacin rahoto Africa/Niamey. Sai dai sati uku Alhaji ya yi yana gwada kowane adadi da littafinsa kafin ya sake yarda da allon, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Kuɗin mutane ne a hannunsa.

Sauran tsaro a taƙaice: asusun da Metabase ke karanta lissafi da shi ba ya iya gogewa ko canza komai, ƙofa ta 5432 kuma, wadda ake shiga PostgreSQL ta cikinta, a rufe take daga waje.

Kowane dare ƙarfe biyu pg_dump, kayan kwafi na PostgreSQL, yana kwafe rumbunan biyu, na lissafi da na Metabase, zuwa faifan waje, kwafi ɗaya kuma ya tafi wajen abokin aikina a Yamai. Asabar ta farko a kowane wata nakan ɗauko kwafin in zuba shi a laftof ɗina, in tabbatar jimillar buhuna ta zo daidai da ta sabar. In hunturu ya shigo kuwa, a wannan Asabar ɗin nake kwance murfin kwamfutar in fitar da ita tsakar gida in busa ƙurar da ta toshe fanka.